Daga Kano Zuwa Gummi: Fihirisa Kafin Intanet

Hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Gusau ta dangana da Anka da Bukkuyum da Gummi tana gyara wa mutum tunani a kan abin da ake kira zamanantar da laburare. A Kano da Zariya, da an ambaci maganar sai hankali ya tafi kan intanet: a ja layi, a sayi kwamfutoci, a biya kuɗin data, shi ke nan laburare ya shiga zamani. Yammacin Zamfara ba ya karɓar wannan lissafi, domin a can sabis ba shi da tabbas, yau akwai gobe babu. Abin da tafiyar ke nunawa, zango bayan zango, shi ne dukiyar laburare ta farko bayan littattafansa ita ce fihirisarsa, wato kundin da ke faɗin wane littafi ake da shi, wa ya rubuta shi, a kan me yake magana, kuma a wace kanta yake. Wannan fihirisa tana iya zama a kwamfuta, mutane da yawa su riƙa duba ta a lokaci guda, ba tare da an taɓa intanet ba. Shugaban makarantar da ya san 'yan kalmomin wannan sana'a, ya bambance manhaja da bayanan da ke cikinta, ya bambance sadarwar cikin gida da intanet, ba za a sayar masa da abin da zai daina aiki ranar da ƙarfen sabis ya yi shiru ba.

Sammako ake yi daga Kano, saboda duk direban da ya san hanyar burinsa ya sauke fasinja a Gusau da sauran rana. Ana fita ta titin Gwarzo, a wuce Dayi da Malumfashi, a tsaya Funtuwa a sha mai a ci abinci. Daga nan shingayen jami'an tsaro suke yawaita, a wuce 'Yankara da Tsafe, dutsen Kwatarkwashi ya bayyana, sai Gusau. Hirar mota ba ta wuce ta tsada. Kafin a cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 lita a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000, kuɗin mota kuma ya bi ta. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara har kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da data. Waɗannan alƙaluma sun shafi mai laburare kai tsaye. Hatsi da dabba suna sauƙi idan an nausa yamma, amma duk abin da ke fitowa daga Kano, kebul ne, tawadar firinta ce, batir ne, ko ƙwararren da zai zo gyara, farashinsa na hawa da kowane zango. Abin da ɗan Kano zai aika yaro kasuwar waya ta Farm Centre ya sayo masa kafin azahar, mutumin Bukkuyum sai ya haɗa da kuɗin mota da kwana da fargabar hanya. Saboda haka tsarin da ke buƙatar a kira injiniya duk wata bai dace da wannan ƙasa ba tun daga tushe.

A Gusau ake kwana. Masaukin baƙi bai yi wuya ba, kuma tambaya ta farko da ake yi wa mai karɓar baƙi ita ce ƙarfe nawa ake tada janareta, domin kuɗin ɗaki kusan kuɗin dizal ne.  Garin ya zama babban birni tun 1996 da aka cire Zamfara daga jihar Sakkwato, kuma a nan Jami'ar Tarayya take tun 2013, don haka a nan ne za a fi jin kalma ta farko, wato manhajar laburare. Ita ce shirin kwamfuta da ke haɗa ayyukan ɗakin karatu wuri guda: shigar da littafi, rajistar masu karatu, bayar da aro da karɓa, da bincike. Wadda ta fi yaɗuwa a manyan makarantun Nijeriya yau ita ce Koha, wadda aka ƙirƙira a 1999 saboda laburaren wata ƙaramar gunduma mai suna Horowhenua a ƙasar Niyu Zilan, ta fara aiki a farkon 2000. Kyauta ce, ba a biyan lasisi, kuma duk mai ilimin abin yana iya buɗe cikinta ya gyara. Muhimmancin haka ba ya fitowa sai an tuna abin da ya faru a shekarun 1990, lokacin da aka raba wa jami'o'in tarayya wata manhajar kuɗi mai suna TINLIB. Ba a daɗe ba aka yi ta barin ta, saboda kuɗin sabuntawa da rashin masu gyara a kusa. Darasin shi ne manhaja tana tsufa, kamfani yana rufewa. Abin tambaya kullum shi ne, idan ta mutu, za a iya kwashe bayanan a kai wata?

Amsar wannan tambaya ita ce kalma ta biyu, MARC, wadda take tsoratar da sabon ma'aikaci alhali ba wani abu ba ne illa tsarin jera bayani. Wata mata mai suna Henriette Avram ce ta jagoranci tsara shi a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka a shekarun 1960, kuma sigar da ake amfani da ita yanzu, MARC 21, ta fito a 1999. Kowane littafi yana da rekod ɗinsa, kowane rekod kuma an kasa shi gurbi-gurbi, kowane gurbi da lambarsa. Gurbi na 100 na sunan mawallafi ne, na 245 na sunan littafi, na 260 ko 264 na wurin bugu da kamfani da shekara, na 300 na yawan shafuka da girma, na 650 na fannin da littafin ya shafa, na 020 kuma na lambar ISBN, wadda a Nijeriya Laburaren Ƙasa ke bayarwa. Tun da kowace manhaja ta kirki ta san cewa abin da ke 245 sunan littafi ne, ana iya fitar da fihirisa gaba ɗaya daga wannan manhaja a zuba a waccan ba tare da an sake buga ko harafi ɗaya ba. Wanda ya jera littattafansa a wata manhajar da wani yaro ya ƙera masa, wadda ba ta san MARC ba, ya jingina wahalar shekaru a kan lafiyar yaron da lambar wayarsa.

Daga Gusau ana hawa titin Sakkwato, a wuce Bunguɗu da Maru, a mararrabar Mayanci a karya zuwa Anka. A nan matafiyi yake fara lura da wayarsa: sandunan sabis suna raguwa, su ɓace, su dawo kusa da gari. Ba a bin hanyar da yamma, kuma direbobi suna tambayar wanda ya fito daga gaba kafin su shiga wasu wuraren. Amma da an sauka Anka sai a ga abin da tsadar rayuwa ta fara ragewa a manyan birane. Baƙo ba ya tambayar ruwa. Kafin ya gama amsa gaisuwa, da harshen nan nasu mai “lahiya lau” da “mi kaka so”, an shimfiɗa tabarma an kawo fura da nono. Ga hoce na dawa, wanda ɗan Kano zai yi wa kallon baƙon abu, ana ci da miya ko a marmasa shi a kwaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma yana riƙe ciki yini guda. Mafi yawan baƙi ba otal suke sauka ba, ɗakin zaure ko gidan wani malamin makaranta ake ba su, kuma wanda ya zaro kuɗi zai biya ya ɓata wa mai masauki rai. Wannan karamci yana fitowa ne daga mutanen da garinsu ya riga ya cika da 'yan gudun hijira daga ƙauyukan da ke kewaye, abin da ya ƙara masa nauyi.

Anka ce mazaunin Sarkin Zamfara, magajin daular da Gobirawa suka ci babban birninta a ƙarni na 18, kuma tarihinta yana rubuce. Wani Bajamushe mai suna Kurt Krieger ya wallafa littafin tarihin Zamfara a Balin a 1959, kuma Garba Nadama, wanda daga baya ya yi gwamnan Sakkwato, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan tashi da faɗuwar daular a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977. Tambayar ita ce ta yaya ɗalibin Anka zai san akwai su. A nan intanet yake da aiki na gaskiya, amma aiki ne na lokaci-lokaci. Akwai wata ƙa'idar sadarwa da ake kira Z39.50, wadda ke bai wa manhajar wannan laburare damar tambayar fihirisar wani laburare a wata ƙasa. Ma'aikaci ya buga lambar ISBN ko sunan littafi, cikin daƙiƙoƙi rekod ya sauko a cike, ya ƙara lambar kantarsa ya adana. Wannan shi ne kwafo rekod, kuma shi ya sa ba sai an zauna an rubuta bayanin kowane littafin kimiyya ko lissafi daga farko ba. Sai dai ba dole ne a yi shi a Anka ba, ba kuma dole ne a yi shi kullum ba. Ana iya tara jerin sunaye, ranar da aka sami sabis mai kyau ko aka shiga Gusau a sauko da ɗaruruwa, a dawo da su a filashi. Rekod rubutu ne zalla; na littafi dubu goma bai kai nauyin fim ɗaya da ake turawa a waya ba.

Mai suka zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi, mutanen da ba sa iya zuwa gona, waɗanda makarantunsu ke rufewa saboda barazana, fihirisa ce damuwarsu? Tsaro da abinci su ne gaba, ba wanda ya isa ya musa. Amma wannan yanki da kansa ya ga abin da rashin bayani da kuma samunsa ke haifarwa. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, ƙurar kuma ta hallaka yara fiye da 400. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana jinyar dubban yara, jinyar da ba ta yiwuwa sai an riƙa auna jinin yaro a kai a kai ana kwatanta na yau da na baya, wato sai da rajista mai tsari wadda ba ta rikita wannan Sani da wancan Sani. An rubuta rahotanni masu yawa a kan lamarin, kusan duk da Turanci, kuma sun fi sauƙin samu ga mai bincike a Turai fiye da malamin kiwon lafiya a Bagega, ga shi kuma haƙar zinare ba ta tsaya ba. Ɗakin karatun da ya tara waɗannan takardu, ya sa musu fanni a gurbi na 650 yadda wanda ya buga “dalma” zai gan su, aikin kare rai yake yi. Kuɗinsa kuma bai kai na gina aji ɗaya ba.

Daga Anka hanya ta miƙa yamma, ana ratsewa a shiga Bukkuyum. A nan, kamar a kowace tasha ta yankin, akwai rumfar mai cajin waya, kuma wanda ke son fahimtar sadarwar kwamfuta ya tsaya ya kalle ta da kyau. Ga faifan sola a kan kwano, ga batir a ƙarƙashin tebur, ga allon soket cike da wayoyi, kowace an manna mata takarda mai lamba, mai ita kuma ya tafi da irin lambar. A gefe ga tsohuwar laftof, an kasa cikinta gida-gida: wa'azi daban, kowane malami da gidansa, waƙoƙi daban, kowane mawaƙi da nasa, fina-finai daban. Yaro ya zo da waya, a kunna Xender, wayarsa ta kama ta mai rumfa, cikin minti kaɗan abin da ya biya ya shige, ko da garin babu sabis ko ɗigo. Duk kalmomin da ake tsoro suna nan. Na'urar da ke riƙe da kayan tana raba wa masu nema ita ce saba. Haɗuwar na'urori a wuri ɗaya, ta kebul ko ta waifai, ita ce sadarwar cikin gida. Akwatin da ke haɗa su yana bai wa kowace lambarta shi ne rauta, lambar kuma ita ce adireshin IP. Intanet kuwa shi ne haɗa wannan gida da sauran gidajen duniya, kuma shi kaɗai ne ake biya wa data. Idan aka ɗora Koha a kan kwamfuta ɗaya a laburaren sakandare, aka ba ta adireshi tsayayye kamar 192.168.1.10, duk malami ko ɗalibin da ya kama waifai na ɗakin ya buga wannan lamba a burauza zai ga shafin bincike, wanda masu sana'ar ke kira OPAC, ya nemi littafi ya ga ko yana kanta ko an ara. Ko kwabo ba a biya kamfanin waya ba.

Za a ce wannan tsohon yayi ne, yanzu duniya ta koma ajiye komai a sabobin manyan kamfanoni da ke nesa, abin da ake kira gajimare, inda ba ruwanka da gyara ko ƙura. A Legas ko Kano hujja ce mai kyau. Amma a farkon Satumban 2021, bisa buƙatar gwamnatin jiha ta lokacin Bello Matawalle, NCC ta umarci kamfanoni su rufe layukan waya a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ce aka fara buɗe wa nata layukan, sauran wurare kuwa sai da suka haura wata biyu a rufe. Masu POS sun tsaya, mai son kiran ɗan'uwa sai ya yi tafiya mai nisa. Laburaren da fihirisarsa ke gajimare a wannan lokaci, littattafansa na gabansa amma ba shi da hanyar sanin me yake da shi ko wa ya ari me. Ko ba a rufe layi da gangan ba, ƙarfen sabis dizal yake sha, kai dizal daji kuma ba kullum yake yiwuwa ba. Starlink, da ya shigo Nijeriya a 2023, yana kauce wa ƙarfen, amma kuɗin wata-wata ne, kuma duk wanda ya san makarantun gwamnati ya san kuɗin sayen kaya yana fitowa sau ɗaya, na riƙewa ne ba ya zuwa. Wannan tunani ma ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Wahalar intanet da aka gani a Jami'ar Jos ita ta haifar da eGranary a farkon shekarun 2000, wato faifai guda mai ɗauke da tarin littattafai da shafuka, a ɗora shi a sadarwar cikin gida kowa ya karanta. Manhajar Kiwix ma tana yin haka da Wikipedia.

Sauran matsalar wuta ce, kuma a nan ma lissafin yana goyon bayan ƙaramin tsari. Ɗakin da aka cika da manyan kwamfutoci ashirin yana buƙatar janareta da fanka da mai, kuma ƙarshensa a rufe shi da kwaɗo a lulluɓe na'urorin da leda saboda ƙurar hunturu, sai ranar da manyan baƙi za su zo. Laftof ɗaya da rauta ɗaya kuwa, ƙaramin sola irin na mai caji ya ishe su, na'urorin bincike kuma suna aljihun malamai tun tuni. Abin da ya rage shi ne takardar manna lamba a bayan kowane littafi, da ƙaramar na'urar karanta zanen lambar idan hali ya yi; idan bai yi ba a buga lambar da hannu.

An dawo kan babban titi, a wuce Ɗaki Takwas, mararrabar da hanyar Zuru ta ɓalle, sai Gummi. Gari ne na bakin gulbin Zamfara, dab da iyakar Sakkwato da Kabi, kuma fadamarsa ta sa abincinsa ya bambanta: ga shinkafa, ga kifi ɗanye da busasshe a farashin da ɗan Kano zai sake tambaya don ya tabbata ya ji daidai. Mai masauki a nan da tuwon shinkafa da miyar kifi yake tarbar baƙo, kuma ba ya barin sa ya tafi hannu rabbana. Garin ne ya haifi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, Alƙalin Alƙalan Arewa daga 1962, wanda ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, ya karɓi lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987, ya rasu a Landan a 1992. Sunansa kaɗai ya isa ya nuna wani aiki na fihirisa da intanet ba zai yi wa kowa ba. A wani littafi Gumi ne, a wani Gummi. A wani Mahmud, a wani Mahmoud. A na Larabci kuma da wasu haruffa dabam. Kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ne ba sai an gaya mata. Shi ya sa manhaja ke da kundin tsayayyun sunaye, inda ake zaɓar siga ɗaya a ɗaure sauran a jikinta, ta yadda kowace aka buga duk littattafan su fito. Haka batun haruffa masu lanƙwasa yake. Tsarin Unicode ya ba ɓ da ɗ da ƙ matsayinsu, ya kuma ba da damar a rubuta boko da ajami a rekod ɗaya, amma sai an saita bincike yadda wanda wayarsa ba ta da ƙ zai sami abin da yake nema. Wannan shawara ce ta ma'aikacin da ya san masu karatunsa.

A zaurukan malaman Gummi da na sauran garuruwan ne ake ganin abin da babu shi a kowace fihirisa ta duniya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, kuma karatun zaure bai yanke ba. Malami zai jawo gafaka, ya kwance igiyar tadarishi, sai ga warƙoƙi ba ɗinki, an rubuta da tawadar gida, a ƙasan shafi an ɗiga kalmar da shafi na gaba zai fara da ita don kada jeri ya rikice, a ƙarshe wani lokaci ga sunan wanda ya kwafa. Irin wannan ba shi da ISBN, kamar yadda littattafan Hausa da yawa da aka buga a Kano ba su da ita, ba Z39.50 da zai kawo rekod ɗinsa. Sai an zauna gaban malam, an ce Allah gafarta malam, an tambayi suna da mawallafi da fanni, an ƙirga warƙoƙi, an rubuta daga farko. Za a ce malam ya san littattafansa da ka, me zai yi da kwamfuta? Ya sani, amma magadansa ba lalle su sani ba, kuma rabon gado ko gudun hijira na dare ɗaya ya isa ya watsa abin da aka tara a shekara ɗari. Jera sunayen littattafai kuma ba al'adar Turawa ba ce: Ibnun Nadim ya yi nasa Fihirisa a Bagadaza tun wajen 987, kuma littattafai da yawa da suka ɓace ta nan aka san sun taɓa wanzuwa. Abin da za a kiyaye shi ne tsarin rarraba fannoni na Dewey, na 1876, ya matse addinin Musulunci duka a lamba 297, harshen Hausa kuma a 493.72. Laburaren da rabin kayansa fiƙihu ne da tafsiri da nahawu dole ya faɗaɗa waɗannan lambobi, kamar yadda aka yi a ƙasashen Larabawa, ya kuma rubuta ƙa'idar da ya bi don na bayansa.

Gulbin da ke ciyar da Gummi shi ne kuma yake tunatar da inda masu goyon bayan gajimare suke da gaskiya. A daminar 2024 ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a garin. Ruwa ba ya bambance takarda da laftof, haka wuta, haka ɓarawo. Fihirisar da ke kwamfuta ɗaya tak tana cikin haɗari, kuma maganinsa ita ce kalma ta ƙarshe da ya kamata kowa ya sani, kwafin ajiya. Duk mako a fitar da bayanan a filashi, ɗaya ya kwana a wani gida dabam, kuma duk ranar da sabis ya samu a tura kwafi Gusau ko wani wuri mai nisa. Wannan shi ne matsayin intanet da ya dace da yankin: wurin ajiye kwafi da hanyar ɗauko rekod, ba wurin da aikin yau da kullum ya rataya ba. Idan makarantun Anka da Bukkuyum da Gummi suka bi tsarin MARC ɗaya, kwafin nasu ma ana iya haɗa shi ya zama fihirisar haɗin gwiwa, malamin Gummi ya san littafin da yake nema yana Anka.

Suka ta ƙarshe ita ce ta masu cewa waya ta riga ta kashe laburare, komai yana Google. Wanda ya bi wannan hanya ya ga amsar da idonsa: abin da ke Google sai da data da sabis, mafi yawansa ba da Hausa ba, kuma abin da ya fi shafar yankin, rubutun malamansa da tarihin sarautunsa da takardun makarantunsa, ba ya can sam, ba kuma zai je ba sai wani na nan ya rubuta bayaninsa. Don haka idan kuɗi ya samu, daga ƙaramar hukuma ne ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko wani mai hali, jerin kashe shi a bayyane yake. A fara da mutum: a tura malami ɗaya ko biyu Gusau ko Sakkwato ko Zariya su koyi cika rekod da ɗora Koha, kuma a zaɓi 'yan gari waɗanda ba za su nemi canjin wurin aiki gobe ba. Sai sola da laftof da rauta. Sai a zauna a shigar da littattafai, kanta bayan kanta, a fara da waɗanda babu su a ko'ina. Layin intanet ya zo daga baya, gwargwadon abin da za a iya biya duk wata. Duk ɗan kwangilar da ya zo da takardar farashi kuma, a yi masa tambaya uku kafin a sa hannu: manhajar tana fitar da bayanai a tsarin MARC? Tana aiki idan babu sabis? Wa zai gyara ta a nan kusa? Wanda ya kasa amsa su, a ba shi fura ya sha, a raka shi tasha tun rana ba ta yi sanyi ba.